Baƙin Akwati da Jita-jitar da Ke Bin Bayan Hatsarin Jirgi

Kafin hayaki ya lafa a inda jirgin sama ya faɗi, an riga an gama bincike a teburin mai shayi da zaurukan WhatsApp. Wani ya ce maƙarƙashiya ce, wani ya ce jirgin ya tsufa, wani kuma ya rantse Turawa sun ɗauke baƙin akwati don kada asiri ya tonu. Cikin maganganun nan akwai masu tushe, akwai kuma waɗanda aka yi ta maimaitawa har suka zauna a zukata.

A fara da akwatin kansa. Ba baƙi ba ne, launin ruwan lemo mai haske ake shafa masa don a hango shi cikin tarkace. Kuma na'urori biyu ne: ɗaya tana naɗar maganar matuƙa da duk wata ƙara a ɗakin tuƙi, ɗaya tana adana bayanan gudu da tsayi da aikin injina.

Sai maganar cewa ba ya ƙonewa, ba ya ɓata. An gina shi da ƙarfi ƙwarai. Na jirgin Air France da ya faɗa tekun Atlantika a 2009 sai a 2011 aka ciro su, bayanansu na nan lafiya. Amma a hatsarin Dana Air na 3 ga Yuni, 2012 a Legas, wuta ta cinye bayanan na'urar tafiya, ta murya kaɗai aka iya saurara. Na jirgin Bellview da ya faɗi a ƙauyen Lisa na Jihar Ogun a Oktoban 2005, inda mutum 117 suka rasu, ba a ma same su ba, kuma rahoton ƙarshe bai iya tsayar da musabbabin hatsarin ba.

To me ya sa ake kai akwatin waje, kuma me ya kawo baƙi wurin bincike? Ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta ɗora jagorancin bincike a kan ƙasar da hatsarin ya auku. Sai dai ta ba ƙasar da ta ƙera jirgin da wadda aka yi masa rajista damar turo wakilai. Idan jirgin ƙirar Amurka ne, ganin Amurkawa a wurin bin doka ne. Habasha ma, da jirginta ya faɗi a Maris 2019, ta kai na'urorin Faransa aka ciro bayanan, amma ragamar binciken tana hannunta.

Jama'a kan jira a ce an kama wani, idan ba a kama ba sai a ce an yi rufa-rufa. Binciken hukumar NSIB ta Najeriya, wadda ta gaji hukumar binciken hatsarin jiragen sama, AIB, a 2022 kuma aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da jiragen ƙasa da na ruwa, bai shafi hukunci ba. Aikinta gano abin da ya faru don kada ya sake faruwa. Akwai hikima a ciki. Makanikin da ya san cewa kalmarsa za ta kai shi gidan yari ba zai taɓa cewa ya tsallake duba taya ba. Hukunci da diyya aikin kotu ne da hukumomin da ke ba da lasisi.

Wanda yake ganin wannan tone-tone ɓata lokaci ne, tunda ajali ya riga ya zo, ya dubi abin da ya faru a Jidda ranar 11 ga Yuli, 1991. Jirgin DC-8 da Nigeria Airways ta ɗauko haya daga wani kamfanin Kanada ya tashi da alhazai zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma san da hakan kafin tashi, amma gudun jinkiri ya sa aka sallami jirgin haka nan. Tayoyi biyu suka fashe a kan titi, suka kama da wuta, aka naɗe su cikin jirgin wutar na ci. Matuƙan sun juyo, amma ba su kai titin sauka ba. Mutum 261, babu wanda ya tsira. Imani da ƙaddara bai hana a faɗi gaskiya ba: iskar taya ce aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Haka hatsarin jirgin ADC na 29 ga Oktoba, 2006 a Abuja, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki tare da wasu 95. Girman wanda aka rasa ya sa kowa da zatonsa, amma abin da masu bincike suka gano shi ne muguwar iska mai sauya alƙibla farat ɗaya, da kuma yadda matuƙan suka tunkare ta.

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya shi ne jinkiri. Ƙa'ida ta ce a miƙa rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma a yi ƙoƙari ya fito cikin wata 12, in bai samu ba a riƙa sanar da jama'a inda aka kwana duk shekara. Rahoton Dana sai a 2017 ya fito, na Bellview sai a 2013. Wannan tsawon shiru zalunci ne ga iyalan da suka binne 'yan'uwansu, kuma shi ne ke ba jita-jita wurin zama. Da rahoton Dana ya fito, ya nuna injin farko ya fara ba da matsala tun bayan tashi daga Abuja, matuƙan suka ci gaba da tafiya maimakon su sauka a filin jirgi mafi kusa, na biyun kuma ya mutu gab da isa Legas. Iyalan mutum 153 da ke cikin jirgin sun yi jiran kusan shekara biyar kafin su karanta wannan bayani a hukumance.