Kalmar Sinadari da Ma'anoninta

Ya ku ɗalibai, kalmar sinadari tana da ma'ana fiye da ɗaya. A wajen maƙeri, sinadari shi ne abin da ake narkawa a liƙe ƙarfe da shi. A madafa kuwa, gishiri da daddawa sinadaran miya ne. Amma a ajin kimiyya muna nufin abu tsantsa wanda ba haɗi ba ne, kamar zinariya da azurfa. An san guda 118. Gishiri ba ya cikinsu, domin haɗin sodiyam da kulorin ne. Takin NPK da manoman Kankiya da Kusada suke saye, kowane harafi sinadari guda yake wakilta. Saboda haka ranar jarrabawa, kada mu kawo ma'anar madafa cikin amsar kimiyya.