Murhu Ɗaya Ga Gari Guda: Yadda Mutanen Danmak Ke Ɗumama Gidajensu

Mai karatu ya san yadda sanyin hunturu yake sa mu neman garwashi da bargo. To, a ƙasar Danmak ta arewacin Turai, sanyi yakan kai har ruwa ya zama ƙanƙara, kuma yana ɗaukar watanni. Amma in ka shiga Kofanhegan, babban birnin ƙasar, da wuya ka tarar da gidan da ke hura wutarsa don jin ɗumi. Kusan dukan gidajen birnin daga manyan tashoshi ake ɗumama su.

Ga yadda abin yake. Ana dafa ruwa a manyan tashoshi, sai a tura shi cikin bututan da aka binne a ƙarƙashin hanyoyi. Ruwan zafin ya bi gida-gida ya ɗumama ɗakuna da ruwan wanka, in ya huce ya koma tasha ta wani bututun, a sake dafa shi. Wato kamar ruwan famfo ne, sai dai zafi ake sayarwa.

Dabarar ta daɗe. A 1877 wani injiniya mai suna Birdsill Holly ya fara ta a garin Lockport na Amurka. A Danmak kuwa, tun 1903 aka gina tasha a Frederiksberg wadda ke ƙona shara tana ɗumama asibiti. Amma abin bai bunƙasa sosai ba sai da wahala ta zo. A 1973, lokacin da farashin man fetur ya tashi, kusan duk makamashin ƙasar daga man da ake shigowa da shi ne. Abin ya tsananta har gwamnati ta hana tuƙa mota ranar Lahadi. A 1979 aka kafa dokar samar da ɗumi, wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi tsara aikin, kuma kamfanonin ɗumin ba su da izinin cin riba. Yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajen ƙasar suna kan wannan tsari.

Ina amfaninsa ga muhalli? Tashar lantarki irin ta da, fiye da rabin ƙarfin man da ta ƙona yakan tafi a banza, ya fice a matsayin zafi. In aka kama wannan zafi aka kai gidaje, ana iya morar kusan kashi 90 cikin 100. Sa'annan tace hayaƙin bututu ɗaya ya fi sauƙi bisa ga na gidaje dubu. Haka kuma ana iya canja abin ƙonawa a tasha ba tare da an taɓa gidan kowa ba. Tashar Amager Bakke, wadda ta fara aiki a 2017, sharar birni take ƙonawa, a garin Odense kuwa zafin na'urorin kamfanin Meta ake kai wa gidaje.

Duk da haka akwai ƙorafi. Danmak tana shigo da itace da shara daga waje don ƙonawa, kuma a 2022 Kofanhegan ta amsa cewa ba za ta cika alkawarinta na 2025 kan hayaƙin da ke ɗumama duniya ba.

Mu da zafi ya fi damu, wannan dabara tana aiki in an juya ta. Masallacin Madina daga wata tasha mai nisan kusan kilomita 7 ake turo masa ruwan sanyi ta bututu, maimakon a kafa na'urar sanyaya ɗaki a kowane lungu. Ko ɗumi ko sanyi, sai hukuma da maƙwabta sun yarda an haƙa hanya an binne bututu, kowa kuma ya biya kuɗinsa a kan lokaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.