Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai: Yadda ta taɓa ɗakin haihuwarmu

A Yunin 2016, kusan kashi 52 cikin ɗari na masu ƙuri'a a Birtaniya suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. Da yawansu rage baƙi suke so, masu adawa kuwa na gargaɗin cewa tattalin arziki zai ji jiki.

Da aka daina barin 'yan Turai shiga aiki ba biza a ƙarshen 2020, asibitoci da gidajen kula da tsofaffi suka ƙara karkata ga Indiya, Filifin da Najeriya. A ɗakin haihuwar da nake aiki, ƙwararrun abokan aikina sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Masu naƙuda dai ba su ragu ba.

Sai kuma doka ta sauya. Daga Maris 2024, an hana sababbin masu kula da tsofaffi tafiya da miji ko 'ya'ya. A Yulin 2025 aka rufe ɗaukarsu daga waje. Ƙa'idojin bizar nas mai rajista daban ne.

'Yar'uwa, kafin ki sayar da gwal ɗinki ki miƙa wa dillali, tambaye shi: wace irin biza ce, kuma yarana fa?