Kafin Ka Hau Tsaunin Mambila

Daga Mayo Selbe ne hanya take barin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta kama dutse. Kafin nan matafiyi ya baro Jalingo tun da asuba, ya ratsa Garba Chede da Bali da Serti cikin zafin da ya saba da shi. Daga nan kuwa sai kwana bayan kwana, dutse ta hannu ɗaya, rami mai zurfi ta ɗayan, har mota ta ɓulla Maisamari, inda iska take sauyawa mutum ya fara laluben rigar sanyi. Wannan shi ne Tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, mai hedikwata a Gembu. Tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku.

Yankin ya taɓa zama ƙarƙashin Jamusawa, sannan Ingila ta riƙe shi amana. A ƙuri'ar raba gardama ta ranar 11 ga Fabrairu, 1961, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Nijeriya, aka kira ƙasar tasu Lardin Sardauna don girmama Sa Ahmadu Bello. Daga nan ƙaramar hukumar ta gaji sunanta.

Abin kallo kam akwai shi. Tuddai ne lulluɓe da ciyawa iya ganinka, shanu na kiwo a kansu, ƙoramu na gangarowa ta tsakaninsu, ga dogayen bishiyoyin zaiti da aka dasa kewaye da garuruwa. A Kakara akwai gonar ganyen shayi da masana'antar da ke sarrafa shayin Highland. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai dajin Ngel Nyaki, ɗaya daga cikin 'yan dazuzzukan kan tsauni da suka rage a ƙasar nan, inda masu bincike daga Jami'ar Canterbury ta New Zealand suka daɗe suna aiki tare da mutanen wurin. A kan iyaka da Kamaru kuma ga Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419, kuma babu dutsen da ya fi shi tsawo a Nijeriya. Sai dai mai son ya ga waɗannan ya dawo gida lafiya, dole ya ajiye wasu halaye na mutanen ƙasa tun a gindin dutse, kuma na farkonsu gaggawa ce.

Daga Jalingo zuwa Gembu tafiyar yini guda ce. Kada lissafin kilomita a waya ya ruɗe ka ka ce za ka tashi da azahar. Ka yi ƙoƙari ka gama hawan dutsen rana na sama, domin da yamma hazo kan sauko ya rufe hanya har direba ya kasa ganin abin da ke gabansa, kuma fitila mai ƙarfi ba ta ƙara komai sai dallare ido. In dare ya kama ka a Serti, ka kwana. Saukowa ma ta fi hawa haɗari. Direban da ya saba da titin Kano zuwa Zariya yakan ɗora ƙafa a birki ya yi ta dannawa, birkin ya yi zafi, ya daina kamawa a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Direbobin hanyar kuwa giya ta ɗaya ko ta biyu suke sakawa, inji ya riƙe mota, birki ya huta. Wanda bai taɓa tuƙi a irin wannan wuri ba, babu abin kunya in ya ajiye motarsa ya shiga ta haya. Wanda ya nace sai tasa, to bakanike ya duba birki da tayoyi da safaya tun a gida, kuma ya cika tanki duk inda ya samu mai.

Damina a can tana da tsawo, tana kamawa tun wajen watan Afrilu har Oktoba. A lokacin ne tsaunin ya fi kyau, a lokacin ne kuma ƙasa ke zaftarewa, hanyoyin ƙauyuka su zama taɓo, sai babur kaɗai ke shiga. Baƙon farko gara ya jira Nuwamba ko Disamba.

Sanyin ma a yi masa shiri. Ba rigar sanyi ɗaya ba, har da safa da hula da bargo, musamman in akwai yara ko tsofaffi ko mai ciwon asma. Amma ga inda haɗarin yake: baƙo ya ji sanyi ya ratsa shi cikin dare, sai ya shigo da kaskon gawayi ɗaki, ya rufe ƙofa da taga ya kwanta. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Haka ma janareta da aka kunna a baranda ko kusa da taga. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamun farko. Duk wanda ya ji su ya buɗe ƙofa ya fita waje nan take.

Sai batun mutane. Mambilawa da Fulani da Kaka da Panso da Kambu da Hausawa 'yan kasuwa duk suna zaune a tsaunin, kuma Fulatanci yana kai mutum nesa a kasuwa, Hausa ma haka. Ciyawar da kake gani kamar ba ta da mai ita, tana da shi: wani wurin makiyaya ce da aka kewaye da waya, wani gona. Rikicin fili tsakanin manoma da makiyaya ya ci rayuka a watan Yunin 2017, kuma miki irin wannan ba ya saurin warkewa. Don haka kada ka tsallake shinge don ɗaukar hoto, kada ka ɗauki hoton mutum ko garkensa sai ya yarda, kuma kada ka zauna a teburin mai shayi kana yanke hukuncin wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. In za ka shiga ƙauye, ka fara da gaida mai gari. Ka tafi da katin shaidarka, domin akwai shingayen jami'an tsaro, kuma iyaka na kusa. Tun da rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru ya ɓarke, 'yan gudun hijira sun shigo ƙaramar hukumar da yawa, saboda haka yawo wajen Dorofi ko Kan Iyaka ba tare da ɗan gari ba ganganci ne. Wanda kuma ya tare ka a Nguroje da shuɗin dutse a tafin hannu yana cewa mai daraja ne daga Mayo Sina, ka bar shi da abinsa in ba sana'arka ba ce. Zuma da piya da ayaba da ganyen shayi sun ishe ka tsaraba. Ka riƙe tsabar kuɗi, don sabis ɗin waya yakan ɗauke da zarar an bar manyan garuruwa.

Mai son ganin namun daji, ko hawan Gangirwal, sai ya bi ta ofishin Gandun Dajin Gashaka-Gumti da ke Serti. An kafa gandun a 1991, shi ne mafi girma a Nijeriya, kuma yana da manyan biran nan masu kama da mutum. Ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandun, kuma hawan dutsen tafiyar kwanaki ce a ƙafa. Can ƙasa sanyin da ke rage sauro a Gembu babu shi; akwai sauro, akwai ƙudan tsando, akwai ƙananan baƙaƙen ƙudaje na bakin kogi. Ka sa riga mai dogon hannu, ka kwana cikin gidan sauro, ka tafasa ruwan sha. In zazzaɓi ya kama ka bayan ka dawo, ka je asibiti a gwada jininka, kuma ka gaya wa likita dajin da ka shiga.