Daga Ɗakin Zanzaro Zuwa Gidan Rina

Yau bari mu dubi ɗan ginin lakan nan da zanzaro yakan manna a bangon ɗakunanmu.

In ka fasa shi, za ka tarar da tsutsotsi ko gizo-gizo a cunkushe. Wannan ya sa waɗansu sukan ce zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya mai da ita ɗansa. Ba haka ba ne. Macen ce ta harbe su, suka sandare amma ba su mutu ba, domin kada naman ya ruɓe. Ta saka ƙwai ɗaya a ciki, ta liƙe ƙofa, ta yi tafiyarta. Ɗan zai ƙyanƙyashe, ya ci guzurin da aka bar masa. Uwar kuwa ba za ta taɓa ganinsa ba.

Rina ba haka take ba. Gidanta a buɗe yake. Takan tauna tsutsa ta ba 'ya'yanta a baki kowace rana, su kuma su ɗiga mata wani ruwa daga bakinsu, ta sha. Wani masani Bafaranshe, Emile Roubaud, ya lura da waɗannan ƙwari a Afirka, ya rubuta a kansu a 1916. Ya ga har cikin dangin zanzaro akwai wanda ya bar tara guzuri, yana ciyar da ɗansa kullum. A nan ne zancen yake. Muddin uwa ta zauna har 'ya'ya suka girma, tsara biyu sun haɗu ke nan a gida ɗaya, 'yar fari kuma tana iya tsayawa ta yi renon ƙannenta. Masana suna ganin ta wannan hanya zaman jama'a irin na kudan zuma da tururuwa ya faro.

Amma akwai tambaya mai wuya. Ma'aikaciyar zuma takan yi wahala har ta mutu ba ta bar ɗa ba. To, yaya wannan hali zai bi zuriya? Dawin kansa ya yarda a 1859 cewa abin ya tsaya masa a rai. A 1964 William Hamilton, mutumin Ingila, ya kawo lissafi. Namijin zuma ba shi da uba, gama daga ƙwan da ba a barbara ba yake fitowa. Saboda haka 'yan mata masu uba ɗaya sun yi tarayya cikin kashi uku bisa huɗu na abin gado, alhali uwa da 'yarta rabi ne kawai. Wadda ta reni ƙanwarta, jininta ta rena.

Lissafin yana da daɗin ji, sai dai a ganina gara ta rage masa ƙarfi. Gara dangin kyankyaso ce, ba ta da wannan tsarin haihuwa, maza da mata duka suna aiki, ga shi kuwa ta gina suri. A cikin jinsunan gara masu cin itace, jariri ba ya iya narkar da abincinsa sai manya sun ba shi ƙananan halittun da ke cikin hanjinsu. Duk lokacin da ya yi saɓa kuma sukan zube, dole ya koma wurin 'yan gidansu a sake ba shi.