Ƙishirwar Ciyawar Makamashi da Sauyin Yanayi

Da yawa daga cikinmu ba mu ɗauki rake a bakin komai ba, illa abin sha a hanyar kasuwa. Amma masana ilmin tsirrai sun sa shi cikin dangin ciyawa, tare da dawa da gero da gamba. A ƙasar Birazil kuwa, rake ne ke tuƙa motoci. Bayan tsadar man fetur ta 1973, gwamnatin ƙasar ta fito da shiri a 1975 na tatsar man itanol daga ruwan rake. Tuƙar da ta rage ma ba a zubarwa, ƙona ta ake yi a sami wutar lantarki. Irin waɗannan tsirrai su ake kira ciyawar makamashi. A Ingila ma ana noma wata doguwa mai suna miskantus don a ƙona ta.

To, ina ruwan sauyin yanayi da wannan? Mu duba bayan ganye. Akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan tsiro ke shaƙar iskar kabon don haɗa abincinsa, ta nan kuma ruwan jikinsa ke fita kamar tururi. Duk ɗalibin da ya taɓa shanya kayan makaranta a watan Afrilu ya san yadda iska mai zafi ke zuƙe ruwa. Idan zafi ya ƙaru da digiri 1, iska na iya ɗaukar ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin 100. Yau duniya ta fi yadda take a ƙarshen ƙarni na 19 zafi da fiye da digiri 1. Ke nan gonar da ruwan sama ke ƙosarwa a da, yanzu tana neman ƙari.

Akwai ɗan sauƙi ta wani gefe. Iskar kabon ta ƙaru daga kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420, saboda haka tsiro ba ya buƙatar buɗe ƙofofinsa sosai, sai ya rage asarar ruwa. Amma a ganinmu, kada a dogara da wannan. Tsimi ba ya amfani in randa ta bushe.

Birazil ta ga haka a 2021. Yawancin gonakin rakenta ruwan sama suke jira, ba ban ruwa ake yi musu ba. A shekarar aka yi farin da aka yi shekaru kusan 90 ba a ga irinsa ba, sannan sanyi mai daskarar da raɓa ya biyo baya a watan Yuli. Girbin yankin tsakiya da kudu ya faɗo daga wajen tan miliyan 605 zuwa 523.

Rake na bukatar ruwa milimita 1,500 zuwa 2,500 kafin ya nuna. Damina guda a Kano ba ta cika kai haka ba, shi ya sa muke ganinsa a fadama. Wanda duk ya kawo shawarar a noma shi a nan don man mota, sai ya fara gaya mana daga wane dam za a ɗebo ruwan, da kuma wace gonar shinkafa ko alkama za a hana.