Kafin Ka Ɗauki Lauya a Amurka: Tsintar Gaskiya Daga Cikin Jita-jita

Wata ranar Juma'a, bayan an idar da salla a wani masallaci na unguwar Bronx a birnin New York, inda Hausawan zangon Kumasi da na Akara da mutanen Yamai da na Kano kan tsaitsaya a bakin ƙofa su gaisa kafin kowa ya koma wurin neman abincinsa, wani dattijo da na sani ya jawo ni gefe, ya zaro wata takarda daga aljihun rigar sanyinsa, wadda saboda yawan ninkewa da buɗewa har ta fara tsagewa a tsakiya, ya ce, "Malam, duba mini wannan, tun bara suka sallame ni." Kafin in gama layin farko mutum uku sun kewaye mu, kowa da fatawarsa. Wannan ya ce, "Ai Baba ka yi arziki, nan Amurka ce, miliyan za a biya ka." Wancan ya ce, "Kada ka soma, lauya ne zai cinye ka." Na uku ya ce a ƙara haƙuri tukuna, manya su sake zuwa su roƙi shugaban wurin. Ni kuwa abin da na ƙura wa ido shi ne kwanan watan da ke saman takardar, don na lissafa a zuci na ga wata goma sha ɗaya ke nan da rubuta ta.

Daga cikin fatawowin nan uku, wadda ta fi kama da hankali ita ce ta fi cutarwa, wato ta a dakata. A al'adarmu sulhu alheri ne, kuma wanda ya garzaya gaban alƙali kafin dattawa su sa baki akan ɗauke shi maras kunya. Amma dokar Amurka ta gindaya wa'adi wanda ba ruwansa da kunya ko kara. Wanda yake da'awar an nuna masa bambanci a wurin aiki, bisa yawancin dokokin tarayya wajibi ne ya fara kai kuka gaban hukumar tarayya mai kula da daidaito a sha'anin aiki, wadda ake kira EEOC, cikin kwana 180 daga ranar da aka yi masa abin, ko kuwa kwana 300 a jihohin da suke da tasu hukumar irin wannan, kamar New York. A Jojiya da Alabama kwana 180 ɗin nan ne kurum. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ma kwana 45 aka ba shi ya tuntuɓi jami'in da ke karɓar irin wannan kuka. Idan hukumar ta gama nata ta ba shi takardar izinin shiga kotu, yana da kwana 90, in suka wuce ƙofa ta rufe, komai kyan hujjarsa. Kuma, abin da mutane da yawa ba su sani ba, kai kuka ofishin kula da ma'aikata na kamfanin, ko jiran amsar shugaba, ba ya tsayar da ƙidayar kwanakin nan ko da yini guda.

Wanda yake ganin alƙalai za su ji tausayi su kau da kai, to, ya tuna da Lilly Ledbetter, matar da ta yi kusan shekara 19 tana aiki a masana'antar taya ta Goodyear a Alabama, ba ta san ana biyanta ƙasa da maza takwarorinta ba sai da wani ya ajiye mata 'yar takarda ba suna. Ta yi nasara a kotun farko, amma a 2007 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 suka rinjayi 4, ta ce ta makara. Majalisa ta gyara dokar a 2009 ta sa mata sunan matar, alhali ita kanta ba ta karɓi ko sisi ba daga shari'ar. Dattijon namu, da yake a New York yake, ƙofar hukumar EEOC ta riga ta rufe masa, sai dai Allah ya taimake shi dokar jihar ta ba da shekara uku, kuma wannan ne irin abin da ba ka jinsa a bakin masallaci, sai a bakin lauyan da wannan fanni ne sana'arsa.

Sai batun cewa duk wanda aka kora ba da laifi ba lauya zai ƙwato masa haƙƙinsa. Wannan ba haka yake ba, kuma na fi son mai karatu ya ji ɗacinsa daga gare ni da ya ji bayan ya ɓata wata shida yana sa rai. A dukkan jihohin Amurka, in ka ɗauke Montana, asalin hukunci shi ne mai aiki yana da ikon sallamar ma'aikaci duk sa'ad da ya ga dama, da dalili ko babu, matuƙar babu yarjejeniya a rubuce ko ƙungiyar ƙwadago da ta ɗaure shi. Zalunci daban, saɓa doka daban. Shugaba mai baƙin hali da ke yi wa kowa tsawa, fari da baƙi, Musulmi da Kirista, azzalumi ne a wurin Allah, amma doka ba ta kama shi ba. Abin da ta haramta shi ne a yi maka abin saboda launin fata, ko jinsin da ka fito, ko addini, ko ƙasar asali, ko kasancewa mace ko namiji, kamar yadda babi na bakwai na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ya zayyana ga wuraren aiki masu mutum 15 zuwa sama. Ko saboda shekaru ga wanda ya kai 40, bisa dokar 1967. Ko saboda naƙasa, bisa dokar 1990. Ko kuma a rama a kanka domin ka kai kuka. Wannan na ƙarshe, wato ramuwar gayya, shi ne laifin da aka fi kai ƙara a kansa gaban hukumar. Kuma kamar yadda malaman fiƙihu suka ɗora nauyin hujja a wuyan mai da'awa, haka nan kotun Amurka: rantsuwarka cewa kai ka san abin da ke zuciyar shugaba ba ta isa ba, sai saƙon waya, ko wasiƙa, ko jadawalin aiki, ko shaidar wanda ya ji da kunnensa.

A kan addini kuwa jita-jita iri biyu ce ke yawo, kowace ta wuce gona da iri. Akwai masu cewa wanda ya zo ƙasar mutane ya haƙura da salla da hijabi da gemu in yana son aiki, akwai kuma masu cewa dole ne a sake ka ranar Juma'a ko da masana'anta za ta tsaya. Gaskiyar tana tsakani. Doka ta wajabta wa mai aiki ya yi maka sassauci gwargwadon hali, sai fa in hakan zai jawo masa wahala mai nauyi, kuma a 2023, a shari'ar wani ma'aikacin gidan waya Kirista mai suna Gerald Groff da ya ƙi aikin Lahadi, Kotun Ƙoli ta ce 'yar ƙaramar ɗawainiya ba ta isa uzuri ba, sai an nuna hasara mai yawa. Kafin wannan, a 2015, kotun ta goyi bayan Samantha Elauf, yarinya Musulma 'yar shekara 17 da kantin tufafi na Abercrombie ya ƙi ɗauka aiki a birnin Tulsa saboda ɗankwalinta. Shawarar da lauya zai ba ka ita ce ka nemi sassaucin a rubuce, ka ajiye kwafi a gida, don fita salla ba sanarwa kan ba wa shugaba hujjar da yake nema.

Labarin Samantha ya isa amsa ga mai maganar miliyan. A 2008 aka hana ta aikin, sai bayan shekara 7 Kotun Ƙoli ta yi hukunci, kuma abin da masu taya alƙali yanke hukunci suka ba ta a kotun farko dala 20,000 ne. A 2018 kamfanin nama na Cargill ya yarda ya biya dala miliyan ɗaya da rabi ga Musulmi 138 da aka sallama a masana'antarsa ta Kolorado kan rikicin lokacin salla. Ka raba da kanka, za ka ga kason kowa bai kai dala 11,000 ba. Tun 1991 dokar tarayya ta yi wa diyyar ɓacin rai da ta horo iyaka, daga dala 50,000 ga wurin aiki mai mutum 15 zuwa 100, har dala 300,000 ga mai fiye da mutum 500, ban da albashin da ka rasa, wanda shi lissafinsa daban ne, kuma za a rage shi in aka ga ka zauna ba ka nemi wani aiki ba. Gaskiya ne akan sami hukuncin miliyoyi, musamman ta hanyar wata tsohuwar doka ta 1866 kan wariyar launin fata, wadda ba ta da wannan iyaka, ko ta dokokin wasu jihohi. Amma irin waɗannan su ne jarida ke bugawa, saboda ƙarancinsu, yawancin ƙararraki kuwa a teburin sulhu suke ƙarewa ba tare da kowa ya ji ba.

Mai cewa lauya sai mai kuɗi, shi rabin gaskiya gare shi. Shigar da kuka gaban hukumar EEOC kyauta ne, ba ma sharaɗi ba ne sai da lauya. Lauyoyin ma'aikata da yawa suna karɓar shari'a bisa sharaɗin ba za ka biya ladansu ba sai an ci, sa'an nan su ɗauki kaso, galibi sulusi zuwa kashi 40 cikin 100, kuma doka ta ba kotu ikon tilasta wa kamfanin da aka kayar ya biya ladan lauyanka. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin ɗawainiya, irin na shigar da ƙara da na rubuta shaidar shaidu da na tafinta: ka tambaya tun ranar farko wa zai biya su in an faɗi, ka ga amsar a rubuce cikin takardar wakilci kafin ka sa hannu. Kuma tunda lauya kuɗinsa da lokacinsa yake zubawa, zai zaɓi shari'ar da yake ganin za ta biya shi, saboda haka in na farko ya ƙi ka, je wurin na biyu, ko ofisoshin ba da taimakon shari'a kyauta ga marasa hali.

Da yake an zo maganar sa hannu, bari in ɗan ratse. Takardar da akan miƙo wa mutum ranar sallama tare da alkawarin albashin 'yan makonni, yawanci a cikinta akwai layin da ke cewa ka yafe duk wata ƙara. Wanda ya kai shekara 40 doka ta ba shi kwana 21 ya yi nazari, da kwana 7 bayan sa hannu ya janye. Ka ce za ka kai gida ka karanta. Ba rashin ladabi ba ne.

Ba kowane lauya ne lauyan wannan aiki ba, kamar yadda ba kowane malami ne ke raba gado ba. Wanda ya yi maka takardun zama, ko ya tsaya maka ranar haɗarin mota, yana iya zama mutumin kirki ƙwararre a fanninsa, amma bai san wa'adin nan da ƙofofin nan ba. Wanda ya fi haɗari shi ne mai ɗan ofis a unguwa da ke cike takardu, jama'a na kiransa lauya alhali ba shi da lasisi. Kowace jiha tana da rajistar lauyoyinta a intanet, inda za ka ga ko sunan mutum yana nan, ko an taɓa hukunta shi. Ka tambaye shi shekara nawa ya yi a shari'ar ma'aikata, ɓangaren ma'aikata yake tsayawa ko na kamfanoni, ya taɓa kai irin wannan ƙara har gaban alƙali, kuma shi ne zai riƙe taka ko yaransa. Wanda ya rantse maka cewa lalle za ka ci tun bai ga takarda ba, ka ɗauki hularka ka fita.

Saura maganar da ake yi da murya ƙasa-ƙasa, cewa marar takardun zama ba shi da bakin magana. Ladan awannin da mutum ya riga ya yi wa aiki, har da na ƙarin lokaci bayan awa 40 a mako, haƙƙinsa ne a dokar tarayya ko yana da takarda ko babu. Iyakar da ke akwai ita ce ta hukuncin Kotun Ƙoli na 2002, wanda ya hana irin wannan ma'aikaci karɓar albashin kwanakin da bai yi aiki ba bayan an kore shi saboda harkar ƙungiyar ƙwadago. Tsoron da mutane ke ji ba na banza ba ne, shi ya sa wanda ke cikin wannan hali ya kamata ya fara zama da lauya mai lasisi, wanda doka ta ɗora wa riƙe sirrin abin da aka gaya masa, ya faɗa masa komai, kafin a rubuta ko harafi ɗaya zuwa wata hukuma.

Ya ɗan'uwa mai karatu, in akwai irin takardar dattijon nan a aljihunka ko a ƙarƙashin katifa, ciro ta yau ka dubi kwanan watan, ka ƙirga. Manya su ci gaba da neman sulhu, ba a hana ba, amma kai ka ga lauya cikin makon nan, ka tafi da takardun albashi da saƙonnin waya da sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu.